Allon Ɗan Farina

'Ya'ya bakwai na haifa bayansa, kuma babu wanda ban ƙwala wa kira da sunansa ba, wani da daɗin rai, wani da muciya a hannu. Shi kaɗai ne ban taɓa kiran sunansa a gaban mutum ba. In na gaya wa jikokina haka sai su yi ta dariya, wai mu mutanen da mun iya wahalar da kanmu. Nakan bar su su yi dariyarsu. Su da ke rungumar 'ya'yansu a tsakar gida gaban surukai, ina za su gane.

Zamanin Turawa ne, lokacin da mota ba ta zuwa ƙauyukanmu sai in gyaɗa za ta ɗauka. Ni 'yar Runka ce ta ƙasar Safana, aka kawo ni aure Wagini, gidan wani malami da ake zuwa wurinsa neman rubutu daga ƙauyuka da yawa. Mijina ɗansa ne, amma bai gaji allo ba, fataucin wake yake yi a kan jakai zuwa kasuwar Batsari.

A wurinmu a lokacin, mace ba ta kula ɗan farinta. Ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa, in ya faɗi a gabanta ba ita ke ɗaga shi ba. Kunya ake ce wa abin, kuma da ita ake auna tarbiyyar gidan da mace ta fito. Tawa kunyar ma biyu ce, don sunan surukina aka sa wa yaron, sunan da ko a mafarki ba zan kama ba. Mutanen gida Mai-sunan-Malam suke ce masa. Ni in ta kama dole sai in ce "yaron nan", in kau da kai.

Ranar da aka yaye shi, uwar mijina, wadda duk gidan ke kira Inna, ta ɗauke shi ta kai ɗakinta, can ya ci gaba da kwana. Daga ƙofata zuwa tata taku goma sha ɗaya ne, na sha ƙirgawa. Ita ta zama Innarsa. Ni kuwa ya ji ƙannen mijina mata suna ce mani Yaya, shi ma ya ɗauka. Shi da Inna kullum cikin wasan jika da kaka suke.

"Angona, yau ma ba cefane?" in ji ta.

"Ba ni sonki, ba ki da haƙora," in ji shi.

Ina daka ina jin su, dariya na cina, sai in ƙara wa taɓarya ƙarfi don kada a gani. Iyakar abin da nake iya yi masa shi ne in na kankare tukunya in bar ƙanzon da ya fi kauri a kan turmi, kamar na manta. Bai taɓa sanin ba mantuwa ba ce.

Yana da shekara huɗu, ina goyon ƙanwarsa, damina ta yi nisa har masara ta nuna. Wata Juma'a ina tankaɗe a ƙofar ɗakina na hango shi yana cin gasasshiyar masara da gefe ɗaya, yana karkata kai, yana cusa yatsa a baki. Washegari ma haka. Na lura kuncinsa na hagu ya ɗan fi na dama cika, kaɗan ne ƙwarai, sai wanda ya haddace fuskar zai gani. Ni kuwa na haddace ta, ta gefen ido na yi shekara huɗu ina karatunta.

Ban faɗa wa kowa ba. Da wane baki zan je in ce wa Inna na ga wani abu a fuskar yaron nan? Ai na nuna kallonsa nake yi ke nan, na kuma nuna ita mai riƙonsa ba ta gani ba. Ko mijina ban iya gaya wa ba, don shi ma kunyar ɗan fari yake yi, in yaron ya shigo zaure shi fita yake. Na zauna ina jiran wani ya gani. Juma'a uku suka wuce kafin Inna ta lura, tana yi masa wanka.

Da fari aka ce hangum ne, aka daka ganye aka shafa masa. Amma hangum kwana kaɗan yake yi ya sauka, wannan kuwa kullum gaba yake. Haƙoransa na gefen suka fara girgiɗi, guda biyu suka faɗi a cikin kunu. Inna ta tsame su ta riƙe a tafin hannu, ta yi ƙarfin hali ta ce, "To ango, yanzu mun yi daidai, sai ka so ni." Bai yi dariya ba, ita ma ba ta yi ba.

Aka kira wanzamin garin, ko zai tsaga ya fitar da mugun jini. Tsoho ne da ya yi wa rabin Wagini kaciya. Ya durƙusa, ya latsa wurin da babban yatsa, ya leƙa cikin bakin, sannan ya naɗe zabirarsa ba tare da ya zaro aska ba.

"Inna, wanga linzami ya fi ƙarfin bakin kaza," ya ce. "Ciwon daji ne. Daji kuwa ba shi son ƙarfe, ka taɓa shi ka tsokane shi. Sai addu'a."

Ranar na fara jin sunan ciwon. Ina bayan rumbu ina sheƙar gero, ban san lokacin da na zubar da rabin ƙwaryar a ƙasa ba, kaji suka yi ta biki.

Daga nan Malam ya ajiye rubutun kowa ya kama na mai sunansa. Kullum bayan sallar asuba zai cika allo gaba da baya da ayoyin waraka, mijina ya shigo da shi cikin gida. Wanke allo aikin mata ne, kuma Inna gwiwoyinta ba su son tsuguno, sai aikin ya faɗo kaina. Ban taɓa samun aikin da na so kamarsa ba. Ni ke daka gawayi in dafa da ƙaro in tace, in aika wa Malam tawada. Ni ke jingine allon a sabuwar ƙwarya, in zuba ruwa kaɗan kaɗan, in bi kowane layi da yatsuna har katakon ya yi fes. Sai in kai ƙwaryar bakin ƙofar Inna in ajiye, in juyo. Ita ke ba shi. Ban iya karatun abin da nake wankewa ba, iyakacina ƙananan surori na salla, amma na san ruwan da ya bi ta hannuna shi ke shiga cikinsa, da wannan nake rarrashin kaina.

Abokan Malam suka taho a ƙafa daga Ruma, su bakwai, suka yi saukar Alƙur'ani a zaure tun hantsi har la'asar. Muka yi gumba muka rarraba sadaka gida gida. Aka yanka akuya. Duk wanda ya shigo dubiya yana da maganin da ya san an taɓa yi wa wani a wani gari, Inna kuwa ba ta mayar da ko ɗaya. Kuncin dai bai fasa girma ba, har ya fara tura hancinsa gefe.

Mijina ne ya kawo zancen asibiti. Ya ce ya yi wa malamin ɗakin shan magani na Batsari bayani, ya ce a kai yaron babban asibitin birni, akwai likita Bature. Inna ta yi tsalle ta dire.

"Mi? Ka ji abin da wanzami ya ce, ka kuma ɗauke shi ka kai wa Nasara, su da ba su san komi ba sai ƙarfe? Ba da angona ba!"

Ba wanda ya tambaye ni. Da an tambaye ni ma ban san abin da zan ce ba, don tsoron allurar da tsoron zaman duk sun cika mani ciki. Malam ya yi kwana uku yana istihara. Rana ta huɗu ya tsaya bakin zana ya yi magana yadda duk gidan zai ji: "Wanda ya saukar da cuta shi ya saukar da magani, bai kuma gaya muna hannun da ya ajiye shi ba. Ku tahi."

Aka ce in bi su, don a asibiti masu jinya ke dafa abincinsu. Muka hau jakai zuwa Batsari, daga can muka samu motar gyaɗa, muka ɗare kan buhuna. Inna na rungume da shi, ni ina goye da ƙanwarsa, ga tukunya, ga garin tuwo, ga ƙunshin takardun da Malam ya rubuta mana don in riƙa wankewa a can. Duk ramin da motar ta faɗa sai ya yi ƙara, ni kuma in dubi daji kamar ina ƙirga itatuwa.

Likitan dogo ne ja, hannunsa duk gashi, yana magana ta bakin wani tafinta Bahaushe. Ina tsaye daga bakin ƙofa.

"Likita na tambaya wace ce uwar yaron," in ji tafinta.

"Ga ni," in ji Inna.

Tafintan ya dube ta, ya dube ni, ya gane, ya wuce zancen. Ya ce, "Yaushe abin ya fara?"

"Sati shidda ke nan," in ji Inna.

Tara ne. Na san ranar, na san masarar da yake ci. Maganar ta taho har bakina ta tsaya. Likita ya ɗaga haɓar yaron, ya duba, ya latsa cikinsa, ya girgiza kai ya faɗi wani abu. Tafinta ya ce, "Ya ce irin wannan ciwon gudu gare shi, kwana ɗaya ma kwana ne. Amma za a gwada."

Har yau ban sani ba ko Juma'a ukun nan da na yi shiru da sun canza wani abu. Ina da likita a cikin jikokina, ban taɓa tambayarta ba, don ina tsoron amsar ko wace iri ce.

Allura suke yi masa a jijiyar hannu, sai mutum biyu sun danne shi. Daga gindin darbejiyar da muke girki ina jin ihunsa yana kiran Inna. Bayan kowace allura sai ya wuni yana amai, ko kunu ba ya zama. Ni dai in dama, a kai, a dawo da shi, in sake damawa. In wanke takardar Malam a ƙoƙo, in miƙa. Wata mata 'yar wajen Safana da ke jinyar mijinta, murhunta kusa da nawa, ta ga yadda nake tsayar da damun kunu in ya yi ihu. Ta ce, "Baiwar Allah, naki ne?" Na ce mata na gidanmu ne. Ta turo mani itacenta guda biyu.

Sai ga ikon Allah, kumburin ya fara saɓewa. Cikin sati uku fuskarsa ta dawo, sai rama da giɓin haƙora. Muka koma Wagini ana yankan gero. Ranar da ya bi 'yan akuya da gudu a tsakar gida, Inna ta yi guɗa har ta sarƙe. Ita ta ce rubutu ne, mijina ya ce allura ce, Malam ya ce duka biyun 'yan aike ne, a gode wa wanda ya aiko su. Na bar ƙanzo a kan turmi, na ga ya ɗauka ya jiƙa a ruwa don ba haƙoran tauna. Na shiga ɗaki na yi sujada, na daɗe ban ɗago ba.

Ba a gama kai gero rumbu ba ciwon ya dawo, kuma wannan karon ban yi shiru ba. Ranar da na ga gefen idonsa ya tasa, na tako taku goma sha ɗayan nan na ce, "Inna, ki dubi idon yaron nan." Ta dube ni da mamaki, ta dube shi, ta zauna daɓas. Faɗar tawa ba ta hana komai ba. Kafin sati biyu idon ya turo waje, cikinsa ya kumbura, ƙafafunsa suka zama kamar kara. Mijina da Inna suka sake kai shi birni. Kwana uku suka dawo, kuma tun daga yadda mijina ya tsaya yana kwance wa jaki akumari a hankali, bai dubi kowa ba, na san amsar. Sun ce a kawo shi gida.

Malam bai fasa rubutu ba ko na kwana ɗaya. Sai dai na fara ganin alƙalaminsa na karkacewa, shi da layinsa ke tafiya kamar an ja zare. Wata safiya na ga wuri biyu da tawadar ta baje kamar ruwa ya ɗiga, alhali damina ta daɗe da wucewa. Na wanke har da su. Ni ban iya doguwar addu'a ba. In na idar da salla cewa nake, ya Rabbi, ka ga dai abin da nake gani. Wata rana da haushi nake faɗa, in dawo in yi istigfari. Ban taɓa shakkar Yana ji ba, abin da ban sani ba shi ne me zan yi da hannuwana kafin Ya amsa.

Aka kai lokacin da ba ya iya kurɓa daga ƙoƙo, sai a jiƙa auduga a ɗiga masa. Hannun Inna rawa yake yi, rabin rubutun a wuyansa yake ƙarewa. Wata ranar Laraba da hantsi Malam ya shigo cikin gida, ya tsaya ya ga haka. Ni da shi ba mu taɓa magana ido da ido ba tun da aka kawo ni, gaisuwa ma daga nesa nake durƙusawa. Sai na ji ya ce, "'Yar Runka."

Na durƙusa na ce, "Allah gafarta Malam."

"Ke kika wanke, ke za ki ba shi. Kunyar nan mu muka aza maki ita, ban gan ta cikin littafi ba. Ɗauki ɗanki."

Ɗanki. Ba wanda ya taɓa faɗa mani kalmar nan. Inna ta miƙo mani shi. Na kai shi ɗakina na zauna na ɗora shi a cinya, rabona da haka tun ranar yaye. Ba shi da nauyi ko na ƙanwarsa. Na jiƙa auduga na ɗiga masa, ya haɗiye, na sake ɗigawa. Ina ta shirya sunansa a bakina, na ce yanzu zan faɗa, bari ya haɗiye wannan tukuna.

Amma jikinsa bai saki ba. Ya sandare a cinyata yadda yaro ke yi a hannun baƙuwa. Ya bi ɗakin da idonsa mai gani, ya dubi jeren kwanonina, ya dubi gadon, duk bai san su ba. Sai ya ce da 'yar muryar da ta rage masa, "Yaya, kai ni wurin Innata."

Ban ji haushinsa ba, ina zan ji? Abin da muka koya masa ne ya riƙe. Na ce to. Na sunkuya na ɗora shi a bayana, na ɗaure da zane, ko da yake tafiyar ba ta kai a yi goyo ba. Na taka a hankali yadda zan iya, ina jin zafin kuncinsa a tsakanin kafaɗuna. Da na sauke shi a cinyar Inna sai ya yi ajiyar zuciya, ya kama gefen zanenta. Washegari bayan azahar ya cika a wurin, ina bakin murhu.

Aka yi masa sutura kafin la'asar, maza suka ɗauke shi. Mata suka cika gida, kowace ta wuce ɗakin Inna ta yi mata gaisuwa, don ita aka yi wa rashi. Ni ina tuƙa tuwon baƙi. Uwa ba ta kukan ɗan fari a gaban mutane, ban kuwa yi ba. Na ji wata tsohuwa na cewa, "Kai, 'yar Runka ta iya kunya, ko ɗigon hawaye." Da ina da iko da na watsa mata ruwan zafin nan, Allah Ya yafe mani, ta daɗe da rasuwa.

Da na shiga ɗakina ɗauko gishiri sai na ga allo jingine a bayan ƙofa. Na safiyar ranar ne, mijina ya shigo da shi, hidima ta hana ni wankewa. Na ɗauka zan mayar zaure, sai na lura ba irin na kullum ba ne. Wata biyar ina wanke rubutun nan, na san kamanninsa ko ban iya karantawa ba, kullum cike yake gaba da baya. Wannan layi uku ne kawai. Na fito da shi, na ci karo da Malam ya dawo daga maƙabarta, ƙasa a gwiwoyin wandonsa. Ya ga abin da ke hannuna.

"Ba nashi ba ne," ya ce. "Ayar haƙuri ce. Tun da asuba na san shi ya gama sha. Naki ne."

Na koma ɗaki na saki asabari. Na jingine allon a ƙwaryarsa, na zuba ruwa, na bi layi ukun da yatsuna har katakon ya yi fes. Na ɗaga na shanye, ɗacin gawayi da ƙaro, ashe abin da yake sha ke nan duk watannin nan, ban taɓa ɗanɗanawa ba. Ban sauke ƙwaryar daga fuskata ba. A cikinta na kira sunansa, sau ɗaya, a hankali, yadda ko ƙanwarsa da ke barci a bayana ba ta motsa ba.

Daga waje wata ta ce tuwo zai kama, ina 'yar Runka. Na kife ƙwaryar, na ɗauki gishirin, na fita.